Jirgin waya a iskar Yamai da Tawa: na mai ko na batir, babba ko matsakaici?

Mai shirin sayen jirgin waya don shiga gasa a Yamai ko Tawa tambaya biyu ce ke gabansa. Injin mai zai ɗauka ko motar batir? Babban jirgi ko matsakaici? Shawarar da ake ba mutumin da ke tashi bisa ciyawar Turai ba lalle ta yi mana daidai ba, domin mu daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu ce ke da fili, ga ƙura, ga bushewa, kuma tana ɗagawa zafin Afrilu ya karɓa. Iska na wahalar da mai kayan kara, in ji Hausawa, jirgin nan kuwa da katakon balsa da leda aka yi shi.

Ga wanda bai san abin ba: ƙaramin jirgi ne da ake tuƙawa da siraran wayoyin ƙarfe guda biyu, babu rediyo. Matuƙi na tsaye a tsakiya da mariƙi a hannu, jirgin na kewaya shi. Ka karya wuyan hannu sama jirgi ya hau, ka karya ƙasa ya sauko. Jim Walker, mutumin Amurka, shi ya yaɗa wannan salon a wajajen 1940 da jirginsa Fireball. Hukumar wasannin sararin sama ta duniya, FAI, ta kasa shi manyan rukunai huɗu: F2A tseren gudu, F2B wasan siffofi, F2C tseren ƙungiya, F2D kuma fafatawar mutum biyu. Maganarmu bisa F2B take, don shi ne iska ta fi cuta. A dokarsa tsawon waya daga mita 15 ne zuwa 21.5, nauyin jirgi kar ya wuce kilo 3.5, inji kar ya wuce cc 15, batir kar ya wuce bolt 42, kuma minti 7 aka ba ka ka gama komai har sauka. Ana dakatar da tashi in iska ta kai mita 9 a sakan ta kuma dage a haka. Wato kusan kilomita 32 a awa. Duk abin da ke ƙasa da wannan, alƙalai na zaune suna jiran ka.

Iskar da za ka tarar

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, kuma tana da lokacinta. Da asuba ƙasa lakadan take, sai rana ta ɗan ɗaga, wajen ƙarfe 9 zuwa 11, iskar da ta kwana tana gudu can sama ta sauko ƙasa da ƙarfinta. Zuwa la'asar ta fara laushi. Mai atisaye da yamma kaɗai yana yaudarar kansa, domin gasa ba ta jiran la'asar.

A fili buɗaɗɗe, irin na bayan garin Tawa inda babu abin da ya tare ta, wannan iskar ko ta kai mita 7 a sakan ana iya aiki da ita, don a miƙe take zuwa. Wadda ta fi ta mugunta ita ce ta mita 4 ko 5 da ta biyo ta bisa layin bedi, ko katangar makaranta, ko kujerun filin ƙwallo. Tana isowa a murɗe, tana birgima, kuma birgimar kan kai nisan da ya ninka tsayin abin da ya tare ta sau goma ko fiye. Itacen mita 8 ke nan zai ɓata maka iska har mita 80 a bayansa. Yawancin filayen cikin Yamai irin wannan ne. Sai guguwar bazara, wadda kan taso da tsakar rana ba sallama, da hadarin damina mai tahowa daga gabas da bangon ƙura a gabansa. Waɗannan biyun ba a gwada musu gwaninta. Da ka hango hadari ka naɗe waya, don mita 20 na ƙarfe ne a hannunka yana nuni da sama. Ko babu hadari, busasshiyar ƙurar hunturu kan tara wa waya lantarki har mariƙi ya riƙa ɗan cizon yatsa. Wayoyin wutar gari kuwa, fili mai su a kusa ba fili ba ne.

Akwai kuma nauyin iskar kanta. Safiyar Janairu mai sanyin digiri 16 da yammacin Afrilu mai digiri 42, tsakaninsu iska na raguwa da kauri kusan kashi 8 cikin ɗari. Fiffike ya rage ɗauka, farfela ta rage kamu, injin mai ya rage numfashi. Saitin da aka yi lokacin ɗari ba zai kai ka bazara ba.

Abin da take yi wa jirgi

Jirgi mai waya mita 20 da ke zagaye ɗaya cikin sakan 5.2 yana gudun kusan mita 24 a sakan. A wannan gudun yana jan hannunka da kamar ninki uku na nauyinsa, wato jirgin kilo 1.3 zai ja ka da kusan kilo 4. Wannan jan shi ne dukan ikonka bisa jirgin. In ya hau saitin kanka, nauyinsa ya cire kashi ɗaya cikin ukun, saura biyu. In ya zagayo ɓangaren da iska ke fitowa, ita ma ta turo shi ciki ta ci nata rabon. Inda waɗannan biyun suka haɗu, sama kuma ta gefen iska, nan waya ke saki, kuma wayar da ta saki mariƙi ya zama itace kawai.

Wannan kowa ya san shi. Abin da ya fi kashe maki, ya kuma fi fasa jirage, shi ne akasinsa. Ana yin siffofi ne a ɓangaren da iska ke tafiya, tana bugun bayan matuƙi. A can fiffike na tarar iska kamar zanen da aka shanya, kowane juyi yana ƙara masa gudu. Dubi zobe uku na ciki, wato jirgi ya ɗaga hanci ya hau, ya kife ta baya ya zagayo ƙasa, sau uku a jere. Na farko ya fita sumul. A na biyu ka ji mariƙi ya yi nauyi, ƙarar farfela ta sauya. A na uku jirgi na gangarowa kamar an jefo shi, kana karya hannu iyaka amma ƙasan zoben na ta nutsewa ƙasa da mita 1.5 da doka ta ce. Dalili shi ne nauyin da iska ke ɗora wa leɓen fiffike da na wutsiya, wato sassan da ke motsi in ka karya hannu, yana ƙaruwa da ninkin gudu: gudu ya ƙaru da kashi 20, nauyin ya ƙaru da kashi 44. Kai kuma ba ka iya ja da waya ɗaya fiye da abin da jirgin ke ja gaba ɗaya. In nauyin ya fi jan, ɗaya wayar ta yi lanƙwasa, leɓen ya ƙi ƙara motsi, ƙasa kuma ba ta matsawa.

Saboda haka ma'aunin da ya kamata a auna kowane inji da shi a nan shi ne birki: in iska ta tura jirgi, wanne ne ke riƙe shi, kuma in ta tare shi, wanne ne ke dawo masa da gudu nan take?

Injin mai na tsohon salo

Fox 35 da ire-irensa, har da Super Tigre 60, ana saita su da mai da yawa, su riƙa tafiya a hankali da farfela mai dogon taki, 10x6 ko 12x6 (lambar farko tsawon farfela ce a inci, ta biyu kuma taki, wato nisan da take ci gaba a juyi ɗaya). A kwance injin na yin ƙara mai kauri, da jirgi ya ɗaga hanci ya sauya murya ya ƙara ƙarfi, ya sauko ya koma. Da Fox 35 ɗin George Aldrich ya yi suna da jirginsa Nobler a farkon shekarun 1950, kuma da yamma mai sanyi babu abin da ya kai shi daɗin ji. A iska kuwa shi ne mafi raunin birki. Farfela mai dogon taki ba ta tare gudu, kuma in zafi ya kama injin sai ya maƙale a babbar murya ya ƙi saukowa, jirgi ya yi ta tsere har mai ya ƙare. Fox 35 na kuma son man zurma mai yawa, kashi 28 ko 29 cikin ɗari. Man nan yana fitowa ta salansa ya shafe fiffike, ƙurar hunturu ta manne, kafin tashi na uku jirgi ya koma kamar an birgima shi a toka. A ajiye shi don nishaɗin la'asar.

Injin mai na sabon salo

Nan an juya lissafin: farfela mai gajeren taki, inci 4 ko ƙasa da haka, injin kuma na juyi da sauri. In jirgi ya fara wuce gudunsa, farfelar ba ta da abin da za ta ƙara ba shi, sai ta zama birki. In ya rage, ta kama iska nan da nan. Manyan gasa sun koma wannan hanyar ne da dogon bututun hayaƙi mai daidaita juyin inji, kuma da irinsa Paul Walker na Amurka ya ci gasar duniya a 1992. Bututun yana aiki, amma tsawonsa, da ramin shan iska, da takin farfela, duk sai an daidaita su tare, kuma duk lokacin da yanayi ya sauya sai an sake taɓawa. Wanda ba shi da gwani a kusa zai sha wuya.

Mai sauƙin shi ne OS 46LA da farfelar APC 12.25x3.75, ana sakinsa a wajen juyi 9,500 zuwa 9,800 a minti, ko OS 25LA da APC 9x4 ga ƙaramin jirgi. Kamfanin ya daina yin su, sai dai na hannu, amma suna da yawa a duniya kuma ba su da rigima. Suna son mai mai kashi 20 zuwa 22 na maiƙo, rabi zurma rabi na roba, da naitiro, sinadarin da ke ƙara wa inji ƙarfi, kashi 5 zuwa 10, sauran kuma metanol. Tankin cc 120 zuwa 135 kan ishi 46LA ya gama jerin siffofi.

Matsalarsa a nan ba a sama take ba, a ƙasa take. Metanol mai tsabta sai an nema, naitiro kuwa ba a ɗaukar shi a jirgin fasinja, kuma man zurmar kantin magani ba a tace shi don inji ba, yana barin danƙo. Metanol na shan laimar iska, don haka da damina galan da aka bari a buɗe ya lalace. Sannan ƙura. Inji mai juyi dubu goma yana zuƙar duk abin da farfela ta tayar, yashi kuwa ba ya wasa da fistan. Dole a sa matatar soso a bakin shan iska, a wanke ta bayan kowace fita, a kuma tada injin bisa tabarma ko falankin katako. Allurar mai ma ba a barinta wuri ɗaya: da zafi ya ƙaru iska ta yi sirara, injin ya koma mai ya yi masa yawa, sai a ɗan rufe. Amma kar a rufe har ya bushe don neman ƙarfi, gara a ƙara naitiro kaɗan in akwai.

Motar batir

Ita ma iri biyu ce, kuma wanda bai bambance su ba zai yi asarar kuɗi. Motar da aka ba wuta kai tsaye ba tare da gwamna ba, tana farawa da ƙarfi ta ƙare da rauni yayin da batir ke sauka, kuma birkinta bai taka kara ya karya ba. Abin da ake nema shi ne akwatin sarrafa gudu, ESC, mai gwamna, kamar dai gwamnan janareta da kowane makaniki ya sani: ko kaya ya ƙaru ko ya ragu, juyi na nan inda aka sa shi. Akwatunan Castle Creations da Jeti Spin suna da shi. Tare da shi ana sa ƙaramin agogo mai ba da umarnin tashi da tsayawa, kamar Hubin FM-9. Akwai kuma agogon KR na Keith Renecle, mutumin Afirka ta Kudu, wanda shi da kansa ke aikin gwamnan, don haka ana haɗa shi da akwati mai araha.

Mataki na gaba shi ne agogo mai jin motsin jirgi. Na Igor Burger, mutumin Sulobakiya, yana ƙara juyi in jirgi na hawa, ya rage in yana gangarowa. Da irin wannan tsarin ya ci gasar duniya a 2012 da 2014. A zoben nan na uku da muka kwatanta, shi ne ya fi kowa riƙe jirgi. Sai dai yana son batir mai rarar ƙarfi da farfela marar nauyi mai saurin amsawa, kuma in an cika masa saiti jirgi ya riƙa fizga kamar doki mai sabon linzami. Sabon shiga ya fara da gwamna zalla, ya isa.

Ga jirgin kilo 1.2 zuwa 1.4, batir mai ɗaki 4 na mAh 2,200 zuwa 2,700 da farfelar 11x5.5 sun wadatar. Babban jirgi na son ɗaki 5 ko 6 na 2,700. Ana saita agogo wajen minti 5 da sakan 20, kuma bayan sauka a duba abin da caja ta mayar: in ya haura kashi 80 cikin ɗari na batirin, ana cin ransa. Da yawa na sa farfela mai juyin baya, don tana ƙara jan waya a juyin waje na can sama, wato saman takwas tsaye da saman siffar kalangu, daidai inda iska ke neman sakin waya.

Abin da ya sa muka fi karkata gare ta a ƙasar nan shi ne maimaituwa. Juyin da ka saita jiya shi za ka tarar yau. In iska ta tashi kafin layinka, ka ƙara juyi 100 ko 200 da maɓalli, zagaye ya sauko daga sakan 5.2 zuwa wajen 5.0 ko 5.1, shi ke nan. Babu maiƙo a fiffike, ƙura ba ta da wurin kamawa. Batir mai ɗaki 6 na 2,700 bai wuce wat-awa 60 ba, ƙasa da iyakar 100 da ake bari a jakar hannu a jirgin fasinja. In an ɗauke wuta, batirin mota ko na sola ya yi caji.

Abokin gabanta zafi ne. Batirin litiyom da ya haura digiri 60 ya fara mutuwa, kuma wanda aka bari cike a cikin mota da rana zai kumbura kafin sati. A ajiye su a inuwa cikin kula, ba bisa ƙanƙara ba, a bar su su huce kafin caji, kuma in za su kwana biyu ba aiki a sauke su zuwa bolt 3.8 kowane ɗaki. Ramin fitar iska a hancin jirgi ya fi na shiga girma, in ba haka ba akwatin ya yi zafi ya yanke wuta, kuma yankewar ba ta zaɓar lokaci. Wani abu da ake mantawa: motar jirgin kan tashi da kanta in lokacin agogo ya cika, don haka mai riƙe jirgi kar ya sake shi bayan sauka sai an cire batir. Ƙura kuma na cin boris ɗin mota a hankali. In ka juya ta da hannu ka ji ƙaiƙayi, ka sauya.

Girman jirgi

Manyan jiragen gasa na da fiffike mai faɗin kusan mita 1.5, nauyi kilo 1.7 zuwa 1.9, waya mita 20 zuwa 21. Suna cika ido, alƙalai na son su, kuma a iska miƙaƙƙiya nauyinsu na taimaka musu su huda. Amma in suka ɗauki gudu a ɓangaren da iska ke tafiya, jan na iya ninka kilo 5 ɗin da aka saba, sai ka ga mutum ya sa hannu biyu yana tirjewa a yashi. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ƙananan, irin Ringmaster mai fiffiken mita 1.07, ba su da leɓen fiffike, mariƙinsu ba ya nauyi, kuma in sun faɗi gam ya gyara su. Don koyon iska babu kamar su. Sai dai birgimar bayan itatuwa na wasa da su kamar ganye, kuma kusurwarsu ba ta kaifi, alhali makin na wurin kusurwa: a lissafin F2B takwas mai kusurwa ana ninka makinta sau 18, mai kusurwa uku sau 14, zobe kuwa sau 6 kacal.

Na tsakiya, mai fiffiken mita 1.25 zuwa 1.35 da nauyin kilo 1.2 zuwa 1.4, irin Vector 40 ko Nobler, shi ne muke ganin ya dace da filayenmu. Yana tashi da waya mita 18 zuwa 19, da'irarsa ta shiga faɗin filin ƙwallo har da rarar wurin ja da baya, kuma yana shiga mota ba sai an kwance shi ba.

Kar a bi rashin nauyi ido rufe. Jirgi mai faɗin fiffike marar nauyi yana da daɗi da asuba, amma shi iska ta fi ɗauka. Nauyin giram 36 zuwa 40 bisa kowane desimita murabba'i na fiffike ya yi. Abin da ya fi nauyi muhimmanci shi ne tauri: leɓen da ke murɗewa da sandar turi mai lanƙwasa su ne ke cinye umarnin hannunka daidai lokacin da ake buƙatarsa. Sandar ta zama bututun kabon, ƙarfen juyin da wayoyi ke ja ya zama na santimita 10 maimakon 7.5, a kuma toshe tsagar da ke tsakanin fiffike da leɓe da salatif ta ƙasa. Wanda zai sassaƙa nasa da katakon samba na kasuwar Katako ya tuna ya ninka balsa nauyi sau biyu zuwa uku, don haka gangar jiki kawai ya dace da ita, ban da wutsiya. Bushewar hunturu da zafin cikin mota na murɗe fiffike, sai a sa wani ya tsaya waje ya duba: jirgi na tafe daidai da kuma a kife, fiffike ya kasance layi ɗaya da waya.

Waya da ƴan gyare-gyare

Tufkakkiyar waya mai zare 7, kaurin milimita 0.38, ta ishi matsakaicin jirgi. Babba na son 0.46. Waya sanda ɗaya ta fi sirantaka kuma ta fi isar da umarni, amma da ƙura ko laima ta taɓa ta sai biyun su manne bayan zobe uku, don haka ba ta ƙasar nan ba ce. Kafin kowane tashi a goge waya da tsumma mai alkol daga jirgi zuwa mariƙi, a warware murɗin. Wadda ta taɓa karyewa a lanƙwasa a jefar. Kafin gasa ana gwada jan da ya ninka nauyin jirgi sau 10, kilo 13 ga jirgin kilo 1.3, kuma ma'aunin rataye na ƴan kasuwa ya isa a gwada a gida. Igiyar mariƙi a wuyan hannu wajibi ce.

Rage waya da mita ɗaya da rabi, daga 20 zuwa 18.5, na ƙara ja da kashi 8 cikin ɗari kawai, zagaye kuma ya koma sakan 4.8, komai ya riƙa zuwa da sauri. Yana taimakawa, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba, kuma yana sauya saitin inda wayoyi ke fita daga fiffike. Gara a ajiye waya kala biyu, kowace an gwada ta tun kafin ranar. Darmar ƙarshen fiffiken waje kan fara daga giram 20 zuwa 28. A iska ana iya ƙara giram 3 zuwa 5, in ta yi yawa kuwa fiffiken waje zai riƙa faɗuwa a kowace kusurwa. Giram 10 zuwa 15 a hanci na kwantar da jirgi cikin birgima, farashinsa shi ne mariƙi ya ƙara nauyi. Karkatar da inji ko wutsiya waje sosai don neman ja kuskure ne da ya yaɗu: jirgi ya riƙa tafiya a karkace, ya ja da ƙarfi a ƙasa inda ba a buƙata, ya rasa gudu a sama inda ake buƙata. Digiri 1 ko 2 ya isa. Kuma abu ɗaya ake sauyawa a kowane tashi.

Inda za a tsaya

Jirgi na zagayawa daga damanka zuwa hagunka. Ka ba iska baya. In daga arewa maso gabas take, fuskarka na kudu maso yamma ke nan, sai mai riƙe jirgi ya ajiye shi ɗan dama da nan, wajen yamma, yadda iska za ta bugi wutsiya ta kuma tura shi waje a mitocin farko. Wanda ya saki jirgi ta gefen da iska ke fitowa, jirgin kansa zai nufo. Kar a dogara da ihun "ƙane, saki!", ƙarar farfela na cinye shi, a yi alkawarin alamar hannu tun da farko. A ƙasa mai tsakuwa a shimfiɗa tabarma biyu ko uku a jere, don tsakuwa ɗaya ta isa ta tsaga farfelar kabon.

Ketarewa ta bisa kai daga gefen iska ake fara ta, gaban alƙalai, kuma a shiga da gudu, kusurwa ba mai kaifi sosai ba. Zoben ciki a matsar da su ɗan hagu da saitin iska, na waje ɗan dama, yadda a ƙasan kowane zobe hancin jirgi zai fuskanci iska. In gudu ya fara taruwa, ka ɗan taka gaba ka miƙa hannu yayin gangarowa, ka ja baya yayin hawa. In waya ta saki, ƙafa ce magani: ja da baya da sauri, kar ka taɓa mariƙi sai ka ji ja ya dawo.

Wurin sauka motar batir ta sake yin gaba, don ka san sakan ɗin da za ta tsaya. Mai injin mai yana jiran tanki ne, kuma in ya mutu jirgi na fuskantar iska, sai ya ja shi da hannu ya ratsa da shi. Ko wanne ne, a taɓa ƙasa iska na bayan jirgi. In aka sauka ana fuskantarta, zai sake tashi ya yi tsalle.

In kuɗin abu ɗaya gare ka, ka sayi matsakaicin jirgi da motar batir mai gwamna, batir huɗu, da waya kala biyu. Wanda ya riga ya mallaki 46LA kuma yana da hanyar samun metanol, ba sai ya sauya ba, ya nemi farfela mai gajeren taki da matatar iska. Babban jirgi mai agogon jin motsi na wanda ya riga ya iya gama jerin siffofi a iskar ƙarfe 10 ne kuma yana da fili buɗaɗɗe. Kafin a shimfiɗa waya a kowane fili a nemi izinin masu wurin da na hukuma, a kuma nisanci filin jirgin Diori Hamani da barikoki, domin daga nesa mai gadi ba zai ga wayar ba, jirgi kawai zai gani.